DAGA TURAKU ZUWA TUKUNYA: Inda Cinikinmu Ke Ƙarewa A Gidajen Nima Da Mamobi

 A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ɗan ajiye maganar kuɗin kan iyaka da shingayen hanya, mu leƙa inda kayanmu ke ƙarewa, wato tukunyar uwargida. Wani zai ce, to me ya haɗa falke da girki? Ai haɗin babba ne. San da muka ɗauko daga Puitenga ko Fadan Gurma ko Tera, muka ƙetaro da shi ta Paga, muka sauke shi a Turaku ta Ashaiman, ba a gama cinikinsa ba sai ran da aka tauna shi a gida aka ce madalla. In an ce madalla, gobe uwargida ta koma wurin mahauci, mahauci ya dawo wurin dillali, dillali ya sallame mu. In kuwa aka ce naman ya yi tauri, ko ya fara wari tun kafin dare, to gobe shagon ƙanƙara za ta nufa ta sayo cinyar kazar Turai, mu kuma bashinmu ya ci gaba da kwana a hannun mahauci.

Mun zaɓi unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akra, wanda mu fatake muka fi sani da Ankara, domin a nan ake cin nama da sani, kuma da yawa daga cikin mahautan da muke ba kaya 'yan Zango ne.

NIMA DA SHANU

Yaran yanzu ba lalle su san cewa shanu ne suka fara share filin Nima ba. A farkon shekarun 1930 wani falken shanu, Malam Amadu Futa, ya nemi fili a hannun gidan Odoi Kwao na mutanen Osu, domin ya riƙa tsayar da shanu su yi kiwo su huta kafin a shigar da su gari a sayar. Baƙi daga arewa suka riƙa sauka a wurinsa, a hankali daji ya zama unguwa. Kafin nan kuwa Malam Bako ya riga ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Mu riƙe wannan magana ta hutar da shanu, domin za mu dawo kanta.

Tun daga wancan lokaci abincin Zango ya shiga bakin kowa a Ghana, har da sunansa. Abin da Ankarawa ke kira waakye, wake da shinkafarmu ne, wanda ake ba launi da karan dafi. Tuo zaafi kuwa ai tuwo ne mai zafi. Haka koko da ƙosai, haka fura, haka tsiren da suke kira cicinga. Ko da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta fito a Nuwamban 1969, aka kwashi mahauta da fatake masu yawa aka fitar da su ƙasar, girkin bai tashi ba, domin ya riga ya zauna a hannun mata.

ABOKAN TAKARA

Dattawanmu suna tune da ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, lokacin da ƙasashen Turai suka riƙa jibgo daskararren naman shanu a tashoshin ruwan Tema da Abijan, gwamnatocinsu na biya wa 'yan kasuwarsu wani ɓangare na kuɗin, har ya zama naman da ya ƙetaro teku ya fi na Dori araha. Sai da aka rage wannan tallafi, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kafin shanun Sahel su sake samun kansu a kasuwannin gaɓa.

To amma takarar ba ta ƙare ba, riga kawai ta sake. Yau yawancin kazar da ake ci a Ghana daga waje take zuwa, daga Turai da Amurka da Barazil, a yayyanke, a daskare, kuma minti talatin ta nuna. Masana'antar nama ta Zuarungu kusa da Bolga, wadda aka gina zamanin Nkrumah don yin naman gwangwani, ta tsaya tun cikin shekarun 1990. Ta ɓangarenmu kuma hanya ta ƙara wuya. Kasuwar Jibo ta shiga halin ƙunci tun 2022 saboda rashin tsaro. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS, kuma a cikin 2025 ɗin, ana gab da Babbar Salla, Nijar ta hana fitar da dabbobi. Duk wannan yana ƙara wa fam ɗin nama tsada a teburin mahauci. Tunda ba za mu iya karawa da kazar kwali a wajen araha ba, abin da ya rage mana shi ne daɗi da auki da amana, kuma ukun nan duk a tukunya ake gane su.

NAMAN DA YA YI TAFIYA

Bunaji ko rahaji da ya shekara huɗu ko biyar yana bin makiyayi ba ɗaya yake da san Turai da aka tsare a garke ana ɗura masa hatsi ba. Namu ya fi ƙarancin kitse, ya fi jijiya, ya kuma fi ɗanɗano. Wanda ya jefa shi a mai mai zafi na minti goma zai ce taya yake taunawa. Sirrin shi ne, jijiyar nan da ke sa tauri ita ce ke narkewa ta zama romo mai danƙo, in an ba ta ƙaramar wuta da lokaci. Hausawa suka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, to balle karfatar sa.

Don haka ya kamata mahauci ya riƙa tambayar mai saye, Hajiya me za a dafa? In tsire ne ko gashi, a ba ta tantaƙwashi ko tsokar cinya mai laushi. In miya ce ko farfesu, a ba ta wuya, ko ƙirji, ko awaza, ko ƙwauri da ɓargonsa, ko wutsiya. In dambu ne ko kilishi, a ba ta cinya zalla marar kitse. Tozo kuwa na manyan baƙi ne, a dafa shi a hankali sannan a nuna masa wuta. Yawan ƙorafin da ake yi a kan namanmu daga nan yake tasowa, an ba mai gashi naman miya.

RAGO A RUFAFFIYAR TUKUNYA

Ga yadda ake dafa rago a gidajen Zango ran suna ko ran da aka yi baƙo na kunya. A sami karfata ko wuya kamar kilo 2, a sara manya-manya da ƙashinsu. Balami da uda da muke kawowa sun fi kitse da girma, ɗan guntun ragon kudu kuma ya fi saurin nuna. A daka tafarnuwa da ɗanyar citta da masoro da kanumfari kaɗan, a haɗa da gishiri a murje naman, a bar shi ya sha kamar awa ɗaya a wuri mai sanyi.

Sai a ɗora tukunya mai kauri, a narka ɗan kitsen ragon a ciki, a riƙa sa naman kaɗan-kaɗan har kowane gefe ya yi ja. Kada a zuba shi gaba ɗaya, domin zai kawo ruwa ya hana soyuwa. A kwashe, a zuba manyan albasa 4 a cikin wannan mai. In an sami albasar Galmi, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke saukewa a Adjen Kotoku tun da aka tashi kasuwarsu daga Agbogbloshie a 2021, to ita ta fi, domin tana narkewa ta ba romo kauri. In ta yi laushi a mayar da naman, a fasa kimba 2 a jefa, a sa daddawa da attarugu, ko ɗan koren barkonon nan na Ankarawa mai ƙamshi da suke kira kpakpo shito. Ruwa kada ya wuce rabin naman. A rufe ruf, a rage gawayin kurfoti har ya zama tukunyar tana ɗan motsi ne kawai, a bar ta awa 2 zuwa 2 da rabi. Mai son tumatir ya sa shi a rabin awar ƙarshe don kada ya kama gindin tukunya. In aka ja ƙashi ya zare da kansa, to ya yi. A ci da waakye, ko tuwon shinkafa, ko doya, ko a tsoma burodi.

Akwai gargaɗi a nan. Wasu masu gaggawa sukan jefa ƙwayar farasitamol a tukunya wai don nama ya yi saurin nuna. Likitoci sun sha jan kunne cewa wannan yana iya cutar da hanta da ƙoda. Wanda ke sauri ya yanka ɗanyen gwanda ya sa a ciki, domin ƙaronsa yana tausasa nama, ko ya sayi tukunyar nan mai tururi da ke rage lokaci fiye da rabi.

KAI DA ƘAFA DA KAYAN CIKI

Kowa a cikinmu ya san san da ya yi kilo 300 a tsaye, gawarsa ba ta wuce wajen rabin haka. Ribar mahauci sau da yawa tana cikin sauran, wato kai da ƙafa da fata da kayan ciki. In waɗannan ba su shiga ba, shi ne za ka ji yana ce wa dillali a rage masa. To matan Nima su ne ke rufa mana asiri a nan. Tuwon zafi ba ya cika sai da miyar ayoyo da jar miya mai tumbi da aka naɗe da hanji, da hanta da huhu. Ana wanke tumbi da ruwan zafi a kankare shi, a juya hanji a wanke da gishiri da lemun tsami, a tafasa a zubar da ruwan farko, sannan a shiga dahuwa ta gaskiya. Hanta da ƙoda ba sa son daɗewa a wuta, a ƙarshe ake sa su. Langaɓu da farfesun ƙafar sa kuwa sukan ci awa 4 ko fiye, shi ya sa tsofaffi ke ɗora su da dare a ci da safe.

Sai ganda, wadda ake kira wele a nan, wadda mai sayen waakye ba ya yafe ta. Matsalarta ita ce babbaka da tsohuwar taya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta sha hana wannan, domin hayaƙin taya yana bar wa fata guba da ke taruwa a jiki, har ana danganta ta da ciwon daji. Babbakar gas ko ta itace ita ce daidai. Uwargida ta shinshina kafin ta saya, in ta ji ƙaurin roba ta wuce.

AJIYA BA FIRJI

Waɗanda suka zauna Ankara tsakanin 2012 da 2016 ba za su manta da dumso ba, lokacin da wuta kan tafi yini guda, naman firji ya narke ya sake daskarewa har ya lalace. A lokacin ne aka tuna da tsohuwar zuma. Addini ma bai hana ajiya ba, malamai sun bayyana cewa da farko an hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, daga baya aka halatta.

Hanya ta farko ita ce soye. A yanka naman daidai loma, a tafasa da gishiri da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, sannan a soya a cikin kitsensa har kumfa ta daina tashi, alamar ruwa ya ƙare ke nan. A zuba a busasshen mazubi, a kwarara narkakken kitse ya rufe shi. Mutanen Fas ta Maroko ma haka suke ajiye nasu cikin kitse. Sharaɗin dai kada a sa jiƙaƙƙen hannu ko cokali, kuma a riƙa ɗumamawa sosai kafin a ci.

Ta biyu ita ce dambun nama. A dafa cinya da albasa da citta da gishiri har ta yi luguf, a daka a turmi ta zama zare-zare, a soya da mai kaɗan a ƙaramar wuta, ana juyawa ba tsayawa har ya bushe ya yi wasar-wasar. Kilo guda ba ya ba da rabin kilo, amma yana yin makonni, kuma shi ne guzurin direba da ɗan makarantar kwana.

Ta uku ita ce kilishi. A shata naman fale-fale, a shanya ya bushe, a tsoma a labu, wato tunkuza da aka dama da albasa da yaji da gishiri, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama. To amma a nan sai mu faɗa wa juna gaskiya, iskar Ankara ba ta Madawa ko Kano ba ce. Gari ne na bakin teku, iskarsa da laima, kuma Babbar Salla ta 2023 da 2024 da 2025 duk cikin watan Yuni ta faɗo, tsakiyar damina. Naman da aka shanya a irin wannan lokaci ƙuda da hunhuna ne ke riga rana zuwa gare shi. Mai son kilishin gida ya bari sai Disamba ko Janairu in hunturu ya sauko, ya kuma rufe shanyar da raga. In ba haka ba, ya saya a hannun masu kawowa daga arewa.

MAGANAR SOSEJ

Yanzu da wuya ka ga teburin mai cicinga ba sosej a kai, yara kuma sun fi son sa da tsiren kansa. Yawancinsa na kwali ne. Abin da ya kamata Musulmi ya sani shi ne, ko an rubuta kaza ko sa a jikin leda, a ƙasashen Turai sau da yawa hanjin alade ake ɗurawa a ciki, don haka sai an duba shaidar halal. Alhali kuwa ba abin da zai hana a yi shi a gida da namanmu. Mutanen Tunusiya da Aljeriya da Maroko suna da nasu da suke kira margez, na rago ko sa, a cikin hanjin rago.

Ga awon. A kowane kilo guda, kashi uku tsoka kashi ɗaya kitse, domin in ba kitse zai bushe kamar dusa. Gishiri giram 18, wato kamar ƙaramin cokalin shayi 3. A ƙara garin barkono da tafarnuwa da masoro da citta. A niƙa naman yana da sanyi, a cuɗa har ya yi danƙo. A juya ƙananan hanjin rago a kankare su tas, a jiƙa a ruwan gishiri, a ɗura da mazurari, a murɗa gaɓa-gaɓa, a tsattsaga da allura inda iska ta shiga. A gasa ko a soya a ranar har cikinsa ya nuna sarai, ko a sa a firiza.

Wanda ake ratayewa ya bushe ɗanye, irin na Italiya ko sujuk na Turkiyya, wannan kam ba mu ba kowa shawarar ya gwada shi a ɗakin Nima ba. Su can suna da ɗaki mai sanyi da wani gishiri na musamman da ake aunawa da sikeli. A zafi irin namu, cikin hanjin da iska ba ta shiga, akwai ƙwayar cuta da ke haifar da guba mai shanye jiki har ta tsayar da numfashi, kuma ba lalle a ji wari ba. Likitocin Turai ma daga kalmar sosej ta Latin suka raɗa wa cutar suna, saboda mutanen da ta kashe a Jamus shekaru ɗari biyu da suka wuce.

NAMU HAƘƘIN

Duk ƙwarewar mai girki, ba za ta gyara abin da muka ɓata a hanya ba. Daga Paga zuwa Ankara wajen kilomita 800 ne. San da ya kwana biyu a tsaye cikin tirela ba ruwa ba ci, aka sauke shi aka wuce da shi kwata nan take, ƙarfin da ke cikin tsokarsa ya riga ya ƙone. Namansa zai fito baƙi-baƙi, ya yi danƙo a hannu, kuma shi ne ke saurin wari. Ga inda maganar Malam Amadu Futa ta dawo, su da suke koro shanu da ƙafa sun san sai an hutar da dabba. Mu ma mu ba ta ruwa da ciyawa da inuwa, ko da kwana guda ne, kafin yanka.

Na biyu, a ja wa yara kunne a kan duka da cusa dabbobi fiye da kima. Duk inda sanda ta sauka jini ke kwanciya, mahauci ya yanke ya yar, asarar kuma a kanmu take dawowa.

Na uku, allura. Mun san ana yi wa dabbar da ta rafke allurar Terramycin ko maganin sammore don ta miƙe ta shiga kasuwa. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka, wasu har mako uku zuwa huɗu, kuma dahuwa ba ta gama kawar da maganin. Wanda ya yi allura ya ɓoye, 'ya'yan wani ya ba su ci, wannan kuma algus ne.

Na huɗu, dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a yi gaggawar sa mata wuƙa don a ceci kuɗi. A kira malamin dabbobi. A Yunin 2023 ciwon saifa ya ɓulla a Binduri, aka rasa rai, aka hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi a duk jihar Upper East na tsawon makonni, ana gab da Salla. Dukanmu muka ji a jika.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin kara da Sarakunan Fawa su zauna tare a kan waɗannan abubuwa huɗu. Kai kuma ɗan'uwa, in ka sauke kaya lafiya ka karɓi kuɗinka, ka biya ta kasuwar Nima ran Laraba ka sayi kimba da daddawa, ka ɗauki karfata guda daga cikin kayan da ka kawo ka kai gidan mai gidanka a dafa, ka ci da bakinka ka ji abin da kake sayar wa mutane. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a dukiyarmu, ya ciyar da mu halal. Amin.